Ranar da majiyoyina uku suka koma ɗaya

Da na fara aikin jarida abu na farko da aka cusa min a kai shi ne kar ka saki labari sai ka samu majiya biyu aƙalla, ni kuma na riƙe shi gam. To wata rana da daddare aka turo min hoton wata gada da ruwa ya karya, mutum uku daban-daban suka turo, na ce ai shikenan har na wuce biyu ma, na rubuta na saka. Ko awa ɗaya ba a yi ba wani mai karatu ya rubuto cewa hoton nan tsoho ne, kuma ba ma a ƙasar aka ɗauke shi ba. Wallahi jikina ya yi sanyi, don akwai waɗanda suka fasa tafiya saboda abin da na rubuta.

Washegari edita ta zaunar da ni, ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi in kira su ɗaya bayan ɗaya in tambaye su, kai ganau ne ko jiyau? Na kira. Ashe dukkansu daga guruf ɗaya na WhatsApp suka kwaso, babu wanda ya taka wajen, kai ɗayan ma har alamar nan ta saƙon da aka tura gaba, wadda WhatsApp ya fara sakawa tun 2018, tana jikin nashi ban lura ba saboda zumuɗi. Baki uku ne amma kunne ɗaya suka jiyo.

Tun daga nan duk hoton da ya shigo sai na jefa shi a Google Lens da TinEye, manhajojin binciken asalin hoto, na ga yaushe ya fara bayyana a intanet, in bidiyo ne manhajar InVID ke yanka min shi hoto-hoto, sannan in zuba ido kan lambar mota, rubutun allo, kayan jikin mutane, ko damina ce ko rani. Kuma wannan tarkon manya ma yana kama su, a watan Agustan 2019 shugaban Faransa Macron ya saka hoton gobarar dajin Amazon, alhali wanda ya ɗauki hoton, Loren McIntyre, ya rasu tun 2003.

Amma gaskiya manhaja ba ta kai kiran waya ba. Yanzu ba na tambayar mutum ko labarin gaskiya ne, kowa zai ce eh, abin da nake tambaya a ina kake tsaye lokacin, ƙarfe nawa, wa ke kusa da kai. Wanda ya gani zai ba ka har abin da ba ka nema ba, wanda ya ji kuwa sai kame-kame.

Batun gadar nan kuwa, mun saka gyara da ban haƙuri a ranar, a saman shafi. Labarin ƙaryar ya zaga ko'ina, gyaran kuwa 'yan tsiraru ne suka tura shi gaba, kuma har bayan wata biyu na sake ganin hoton gadar nan yana yawo da sunana a ƙasansa.