Layi ɗaya a rajistar 1863

Yau na taya maƙwabciyata, wata dattijuwa a nan jihar Ohayo ta Amurka, duba rajistar ɗibar soja ta yaƙin basasar Amurka, wadda aka rubuta maza 'yan shekara 20 zuwa 45 a cikinta a 1863. Muna cikin dubawa a kwamfuta sai ga sunan kakan kakanta da rubutun hannu: shekara 26, manomi, mai aure, haifaffen jihar Bajiniya. Ta ɗora yatsa kan layin, hannunta na rawa. Can ta ce, "Ɗana, ashe dai da gaske an yi shi."

Wallahi sai da idona ya ciko. Kakana yana nan da ransa a Katsina, ban taɓa tambayarsa sunan nasa kakan ba.