Ajin dare ya koya min hankali

Shekarar da aka fara ba ni ajin dare a kwalejin da nake koyarwa, kwas ɗin lissafin kuɗi ne na masu neman difloma, wallahi da ƙarfina na shiga. Kwana biyu na yi ina haɗa silaid, ma'anar aikin akawu, rabe-rabensa, tarihinsa, har da labarin Luca Pacioli ɗan Italiyan nan da ya buga bayanin tsarin shigar da lissafi gida biyu a 1494, wato a rubuta kowace mu'amala sau biyu, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga. Ni a tunanina na gama burge su. Na kunna firojekta na dinga zuba kusan awa ɗaya da rabi, ina juyowa sai na ga wani yana gyangyaɗi, wata tana leƙen waya ƙarƙashin tebur, sauran kuma sun zuba min ido irin kallon da ake wa mai wa'azin da ya ƙi sauka. Kafin sati na uku kujeru sun fara yin fili.

Wata baiwar Allah ce ta fasa ƙwan, ta girme ni nesa ba kusa ba, ta shekara da shekaru tana kula da sito a wurin aikinta. Bayan an tashi ta tsaya ta ce, "Malam, don Allah kar ka ji haushi, amma wannan abin da ka karantar yau, gobe da safe in na je aiki a ina zan sa shi?" Na buɗe baki na rasa ta cewa, sai na ce ai tushe ne Hajiya, dole a fara da tushe. Ta yi murmushi kawai ta ɗau jakarta, kuma ni kaina na san ban ba ta amsa ba.

Matsalar ita ce ina koyar da su kamar yaran da suka fito daga sakandare jiya, waɗanda in ka ce zai fito a jarrabawa shikenan sun kama rubutu. Mutumin da ya taso daga aiki a gajiye, ya bar yara a gida, ya biya kuɗin makaranta daga aljihunsa, shi lissafi yake yi da kowane minti, awa biyun nan da ya ba ka daga barcinsa ya yanko ta ko daga lokacin iyalinsa, in bai ga riba ba zai daina zuwa ne kawai ba tare da ya ce maka uffan ba. Daga baya ne na ci karo da bayanan Malcolm Knowles, wani masanin ilimin manya ɗan Amurka da ya rasu a 1997, shi ya yayata kalmar andiragoji, wato ilimin koyar da manya, duk da wani malami Bajamushe Alexander Kapp ya riga shi amfani da ita tun 1833. Abin da Knowles ya ce a taƙaice, babba yana son sanin dalilin da zai koyi abu kafin ya koya, yana zuwa aji da gogewarsa ta rayuwa, kuma ya fi kama karatun da aka ɗora a kan matsala ta gaske fiye da wanda aka jera babi-babi. Da na karanta sai na yi dariya, Hajiya ta riga ta faɗa min duk wannan a jimla ɗaya kuma kyauta.

Sai na juya abin. Na ce kowa ya zo min da takarda ɗaya daga wurin aikinsa, rasit ne, takardar shigo da kaya ce, littafin bashi ne, a goge suna da duk wani abin sirri. Kai, ranar ajin kamar ba shi ba. Wani makanike ya kawo littafin da yake rubuta bashin kwastomomi, mun sa shi a allo muka gano ya fi shekara yana haɗa kuɗin kayan gyara da ladan aikinsa wuri guda, shi ya sa kullum yake ganin yana cin riba amma aljihu wayam. A nan na shigo da batun gida biyun nan na Pacioli, abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma ba wanda ya yi gyangyaɗi, har gardama ta kaure aka wuce lokacin tashi. Darasin dai shi ne wanda na yi a satin farko, ƙofar da aka shiga ce ta bambanta. Paulo Freire ma haka ya yi a garin Angicos na ƙasar Birazil a 1963, inda aka koya wa ma'aikata kusan 300 karatu da rubutu cikin kwana 45, da kalmomin da suke amfani da su kullum a rayuwarsu aka fara.

Amma abin da ya fi korar manya daga aji a ganina, ya ma fi gajiya, kunya ce, kuma ba a cika maganarta ba. Akwai wani dattijo a ajin, a wurin aikinsa mutane da yawa ke ƙarƙashinsa, in ya yi magana an gama, amma ranar da muka shiga ɗakin kwamfuta za mu fara Excel, manhajar nan ta tsara lissafi a jadawali, sai na ga ya naɗe hannu yana ta kallon allon, ashe linzamin kwamfutar ma bai iya riƙewa ba, ga yaran da ya haifi kamarsu a gefe suna ta danne-danne. Ni kuma da wautata na ɗaga murya na ce, "Baba, ina ka tsaya ne?" Kowa ya waiwayo. Sati biyu ban sake ganinsa ba. Sai da na kira shi a waya na ba shi haƙuri, muka yi shawara ya riƙa zuwa minti ashirin kafin kowa mu zauna mu biyu, sannan ya dawo. Tun daga nan na daina kiran sunan babba a gaban aji don ya amsa tambaya sai in shi ya ɗaga hannu, kuma in zan haɗa su aiki bibbiyu nakan haɗa mai saurin kwamfuta da mai gogewar aiki, kowa na da abin da zai ba ɗan'uwansa, ba wanda zai ji shi ne almajirin wani.

Batun kiran wayar nan kar ku raina shi. In mutum ya yi fashi sau biyu a jere ina kiransa, ba da faɗa ba, lafiya dai na ji shiru. Yawanci ba karatun ne ya ishe shi ba, an canza masa lokacin aiki ne ko yaro ba lafiya, sai ya ga an wuce shi da babi biyu ya ce ai shikenan na riga na faɗi. In ka tura masa taƙaitaccen bayani a guruf ɗin WhatsApp ka ce zo mu ci gaba, sai ka gan shi. Aikin gida kuma na rage masa tsawo, wanda za a iya gamawa a rabin awa, kuma in da hali ya zama abin da dama zai yi a ofis.

Akwai abin da ban yarda da shi ba kam, wannan wasannin da ake cewa a yi don a sake da juna, a jefa ƙwallo kowa ya faɗi sunansa da launin da yake so. Haba, mai jikoki za ka sa ya cafe ƙwallo da ƙarfe takwas na dare? Nishaɗin babba shi ne ya ga ya iya abin da jiya bai iya ba. Sannan ban yarda a yi musu alƙawarin ƙarya ba, wai kana gamawa aiki na jiranka ko ƙarin girma. Abin da nake yi shi ne in gayyato wanda ya gama kwas ɗin yana aiki da shi, ya faɗi gaskiya har da wahalar da ya sha, maganarsa ta minti goma sha biyar ta fi laccata ta wata guda shiga kunnensu. Shi ya sa tsarin Jamus yake burge ni, inda mai koyon sana'a ke yin kwana uku zuwa huɗu na sati a kamfani, ɗaya ko biyu a makaranta, ba ya ma buƙatar ya tambayi malam a ina zan sa wannan, gobe zai sa shi da hannunsa.

Ba wai gogewar tasu ba ta da nata ciwon kan ba fa. Wanda ya shekara ashirin yana yin abu ta hanyar da ba daidai ba ya fi sabon shiga wuyar gyara, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma zai ce maka malam mu da muke cikin abin ba haka ake yi ba. Na daina musu da su, sai in ce to mu gwada taka mu gwada ta littafi a kan lissafi ɗaya mu ga wacce za ta daidaita. Wani lokacin ma tasu ce ke fin sauri, ni ma in ƙaru.

Baba dai ya gama kwas ɗin, ba da wani babban maki ba. Kwanaki ya turo min hoton wani jadawalin Excel da ya haɗa wa sashensu, launuka sun yi yawa har ido na yaji, kuma akwai kuskure a layin jimla na ƙasa. Na rubuta masa gyaran, sai ya amso da cewa ya riga ya gani, yana gwada ni ne ko har yanzu ina duba aiki da kyau.