Zumar gida da atishawar ƙarshen damina

Duk shekara, da gero ya fara bununi, ciyawa ta yi fure, sai hancina ya tayar. Atishawa a jere, majina tsararo, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi. Babu zazzaɓi, babu ciwon jiki. A asibiti aka ce ba mura ba ce, jikina ne ba ya jituwa da ƙurar furanni.

Kawuna mai amya ne ya ce, "Ɗana, ka lizimci zumar garinku. Furen da ke damun ka shi ƙudan zuma ke ci, a hankali jikinka zai saba." Maganar ta shige ni, ga shi kuma Suratun Nahli ta ce a cikin zuma akwai waraka ga mutane. Ya ba ni wadda ya ɗebo da hannunsa, ja mai kauri, da ɓurɓushin kaki a samanta. Tun bazara nake shan cokali guda kowace safiya.

Da Agusta ta kama, atishawar ta dawo yadda ta saba. Abin da ya ragu shi ne ƙaiƙayin maƙogwaro da tarin dare, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ke kwana yana juyi.

Da na koma wajen kawu ina kallon amyoyinsa a kan ɗorawa, na tambaye shi me ƙudan suka ci. Ya ce furen ɗorawa, kaɗanya da mangwaro, duk na rani. Irin waɗannan ƙurarsu nauyi gare ta da danƙo, ƙwari ke ɗaukar ta. Wadda ke shiga hancina kuwa ta gero ce da masara da ciyayi, marar nauyi, iska ke watsa ta. Ko ƙudan sun taɓa ta, ɗan abin da ke faɗawa cikin zuma ba shi da yawa, ba shi da ma'auni.

Masu bincike ma sun gwada. A 2002, a Jami'ar Connecticut ta Amurka, an raba mutum 36 gida uku: wasu zumar yankinsu, wasu ta kanti, wasu ruwan zaƙi mai ɗanɗanon zuma. Ba a ga bambanci ba. A Malesiya a 2013 an ga sauƙi a gwajin mutum 40, amma zumar da suka sha da yawa ce, giram ɗaya ga kowane kilo na nauyin jiki kullum, kuma tare da loratadine, maganin rage atishawa da ƙaiƙayi.

Yanzu da zarar gero ya fitar da kai nake fara shan cetirizine, maganin atishawa da ƙaiƙayi da likita ya rubuta mini, in wanke hanci da ruwan gishiri, in sa takunkumi idan zan shiga gona. Zuma tana nan don tari. Amma jaririn da bai cika shekara ba a hana shi ita, ko lasa ce, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai.