Bol ɗin ginshiƙi da kankaren da ke riƙe da shi

Aikin da ya fi koya mini lissafin ƙarfin bol ɗin da ke ɗaure ginshiƙi da kankare shi ne wani sito mai ginshiƙan ƙarfe da rufin kwano. Irin wannan gini ba shi da nauyi, shi ya sa idan iskar farkon damina ta taso sai ta nemi ɗaga rufin, a lokaci guda kuma tana tura bango. Bol huɗun da ke gindin kowane ginshiƙi, ana fizgarsu sama ana kuma yankarsu ta gefe.

Mai aikin ya ce, "Injiniya, a ƙara musu kauri mana a huta." Na ce masa, "Alhaji, ƙarfen lafiyarsa lau, kankaren ne abin tsoro." Idan aka ja bol da ƙarfi, ba kullum yake tsinkewa ba, sau da yawa ɓallo kankaren yake yi ya fito da shi guntu guda mai siffar mazurari. Babi na 17 na ACI 318, ƙa'idar ginin kankare ta Amurka, ya ɗauka cewa wannan ɓalli yana bazuwa ninki ɗaya da rabi na zurfin bol ta kowane gefe. Zurfin namu milimita 300 ne, ke nan ana son milimita 450 na kankare hagu da dama. Ƙaramin dandamalin da ginshiƙin ke zaune a kai bai kusa da haka ba, ga bol ɗin sun matsu da juna, kowanne yana cin rabon ɗan'uwansa.

Sai kuma haɗa nauyin biyu, wato ja sama da turin gefe mai yankar bol. Ƙa'idar da muka yi aiki da ita ta ce idan turin gefe bai wuce kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da ake da shi ba, ana iya barin ja ya ci ƙarfinsa duka. In ya wuce, sai a tara kason ja da kason turi, wato abin da kowanne ya ci daga ƙarfin da ake da shi, jimla kada ta haura 1.2. Namu ja ya ci 0.7, turi 0.6. Kowanne shi kaɗai ya tsallake, a haɗe kuwa 1.3, ya faɗi. Ga kuma kwaɓin siminti da ake cusawa ƙarƙashin faifan ƙarfen da ke gindin ginshiƙi, wanda saboda shi ake rage kashi 20 na ƙarfin bol wajen yanka.

Ban ƙara kauri ba. Rodi na sa a tsaye dab da kowane bol don ya karɓi jan ya kai shi cikin harsashi, na kuma ɗaure saman dandamalin da zoben rodi kusa-kusa. Ranar zuba kankare da kaina na tsaya, domin masu aiki kan ture rodin gefe idan ya tare musu hanya. Na kuma sa aka huda katako aka kafe bol ɗin a ciki, don kada su goce a wayi gari mai walda yana faɗaɗa ramin faifai da wuta.