Abin da gyaran kwamfutocin 'yan kasuwa ya koya mini game da kirifto

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a Maraɗi, kuma yawancin masu kawo mini aiki 'yan kasuwa ne da yaran shagonsu. Tun da wasu suka fara biyan kuɗin kayan Sin da Dubai da USDT, wato wani kuɗin intanet (kirifto) mai bin darajar dala, nauyin aikin ya ƙaru a kaina. A da, idan muguwar manhaja ta shiga kwamfuta, hotuna da takardu ake rasawa. Yanzu jarin mutum ne ke tafiya, kuma kuɗin kirifto in ya fita ya fita ke nan, babu bankin da za a kai wa kuka.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce manhajar da ke sauya adireshi. Adireshin walat, wato asusun da ake ajiye kirifto, dogo ne, ba mai iya haddace shi, kowa kwafa yake ya liƙa. Ita kuwa tana laɓe, da zarar ka kwafa sai ta cire naka ta sa na ɓarawo. Na taɓa nuna wa wani Alhaji a kwamfutar shagonsa: muka kwafi adireshin mai kayansa, muka liƙa, sai ga wani daban. Dukansu da T suka fara, kamar kowane adireshin Tron (ɗaya daga cikin hanyoyin da ake tura USDT), shi ya sa ido ba ya kamawa. Ya ce, "Yaro, ai ɗaya ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, duba tsakiya." Sai da ya sa tabarau ya bi harafi-harafi sannan ya yi salati. Duba farko da ƙarshe kawai ba ya isa, domin ɓarayi na iya ƙera adireshin da bakinsa biyu suka yi kama da naka.

Ta ina take shigowa? Galibi ta manhajojin da aka fasa don a samu kyauta, da kile (USB) da ke yawo hannu-hannu daga wannan shago zuwa wancan. Abin yana yi mini ciwo in ga kwamfutar da ake tura miliyoyin sefa da ita, ita ce kuma yara ke sauke wasanni da finafinai.

Sai kalmomi 12 ko 24 da walat ke bayarwa ranar buɗe ta. Duk wanda ya gan su ya mallaki kuɗin, ko yana wata ƙasa. Amma mutane hoto suke ɗaukarsu, ko su tura wa kansu ta WhatsApp. A takarda ake rubuta su, a ɓoye inda ake ɓoye takardar fili. Wanda ya neme su a Telegram da sunan ma'aikacin kamfani, ko ya ce ka sa AnyDesk (manhajar da ke ba wani damar sarrafa kwamfutarka daga nesa) ya taimake ka, ɓarawo ne, kada ka tsaya gardama da shi.

Kada kuma wani ya ɗauka rashin boko ne ke jawo wannan. A Fabrairun 2025 an sace wa Bybit, wani kamfanin hada-hadar kuɗin intanet, kirifto na kusan dala biliyan 1.5, alhali ƙwararru ne ke tsaronsa. Abin da allo ya nuna musu daban, abin da suka sa wa hannu daban.

Yanzu duk ɗan kasuwar da ya zo wurina, ina roƙonsa ya ware kwamfuta guda don kuɗi kawai, ba kile, ba wasa. Kafin ya tura babban kuɗi kuma, ya fara tura kaɗan, ya kira mai kaya ya ji daga bakinsa cewa ya shiga.