Yaron da ya fi kowa murya a ajina ashe bai iya karatu ba

Mutane na yawan tambayata wai ta yaya nake jure ajin maza zalla, ga hayaniya ga dambe ga albashin da ba ya kai mutum ƙarshen wata. Gaskiya ni dai idan aka ce in zaɓa yau ma maza zan ɗauka. Ina koyarwa a wata makarantar al'umma nan wajen Bauchi Road a Jos, ɓangaren maza daban na mata daban, ni ke riƙe da aji huɗu, yaran yawanci 'yan Anguwar Rogo ne da Gangare da Dilimi. Da safe lokacin hunturu sai ka gansu sun ƙudundune cikin suwaita hanci na yoyo, amma ana buga ƙararrawar birek sanyi ya ƙare, an ɗaure leda an yi ƙwallo. Wannan duk wanda ya taɓa riƙe alli ya sani, ba shi na zo faɗa ba.

Akwai wani yaro da na gada a matsayin monita, malamin aji uku ne ya ce min wannan shi ne kan ajin, ka riƙe shi da kyau. Kuma wallahi haka ya ke a ido, idan aka ce a karanta muryarsa ce ke fita sama da ta kowa, shi ke jan baki sauran na amsawa. Ran nan ruwa ya jiƙa masa littafin Turanci, sai na ara masa nawa, kuma nawa sabon bugu ne an canja wasu labaran. Na ce ya tashi ya karanta mana. Yaron nan ya miƙe, ya ɗora yatsa a kan layi, yana jan yatsan a hankali yana karantawa tiryan-tiryan har da tsayawa inda aya take, amma labarin da ke fita bakinsa na tsohon littafin ne, abin da ke ƙarƙashin yatsansa wani labari ne daban. Na bar shi ya kai ƙarshe na ce madalla zauna. Da aka tashi na tsayar da shi mu biyu kawai, na rubuta "kare" a takarda na ce mene ne wannan. Ya kalla ya kalla, sai ya ce Malam yau kaina ke ciwo. Na rubuta "gida", nan ya ture benci ya fita da gudu yana goge ido da hannun riga.

Har yau idan na tuna raina sai ya ɓaci, ba da yaron ba fa. Yaro ya wuce aji ɗaya, biyu, uku, katin sakamakonsa cike da yabo, kuma ba wanda ya taɓa zama da shi shi kaɗai ya nuna masa kalmar da bai taɓa ji ba. Duk wannan karatun "ku maimaita bayana" ne ya jawo, yaro mai kaifin hadda kunnensa zai ɗauke masa komai idonsa bai yi aikin komai ba. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce kowane yaro ya samu ilimin shekara tara kyauta kuma dole, to an kawo su sun zauna a benci, amma zaman benci daban iya karatu daban. Da na bi sauran ɗaya bayan ɗaya na samu irinsa sun fi goma a ajin, kuma abin da ya ba ni mamaki yawancinsu su ne masu tsokana da dambe da neman izinin fitsari daidai lokacin da layin karatu ya kusa zuwa kansu.

A nan na gane wani abu game da yara maza. Yaro namiji ya gwammace ka yi masa bulala a gaban aji da a yi masa dariya a gaban aji, bulala ai jarumta ce, zai fita birek yana cewa ko gezau ban yi ba. Saboda haka duk wanda ke dukan irin yaran nan don su yi karatu hanyar gudu yake ba su. Shawarata kada ka taɓa gwada yaron da kake zargi a gaban abokansa, ka kira shi kamar za ka aike shi sayo ruwa, ka ba shi kalmomin da ba su cikin littafi, kuma abin da ka gani ya tsaya tsakaninku.

Abin da ya cece mu makarantar allo ce. Yaron nan da yamma yana zuwa allo, ya wuce babbaƙu ya wuce farfaru, yana karanta allonsa da kansa, kenan kansa ya riga ya san yadda baƙi ke haɗuwa da wasali. Sai na ce masa harafin "ba" da wasali bisa me ya ba ka, ya ce ba, da wasali ƙasa fa, bi, da rufu'a, bu, na rubuta masa su da boko a gefe na ce to ga 'yan uwansu. Ya ɗago kai ya ce Malam dama shi kenan? Na ce shi kenan. Da Hausa muka fara don ita yadda ka faɗa haka za ka rubuta, Turanci ya biyo baya da rikicinsa. Sannan ƙwallo ta taimaka sosai, duk yaron Jos gani yake shi ne Ahmed Musa na gobe tunda ɗan garin ne, sun san ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018 ko waɗanda ba a haifa ba lokacin, sun san Plateau United ta ɗauki kofin lig a 2017. Nakan rubuta irin waɗannan a gajerun jimloli in ce wanda ya karanta shi zai zaɓi 'yan wasansa a birek. Ka ga yaran da ke gudun littafi suna ture juna a gaban allo.

Daɗin aikin kuma ga inda yake. Namiji idan abu ya buɗe masa ba ya iya ɓoyewa, sai kowa ya sani. Monitan nan ya koma karanta duk abin da ya gani, rubutun bayan keke napep, allon shagunan Terminus, kwalin magani, har mahaifiyarsa ta zo makaranta da kanta ta ce Malam Allah ya saka da alheri, yanzu shi ke karanta min saƙon waya ba sai na kai wa maƙwabta sun san sirrina ba. Na rasa me zan ce mata sai amin Hajiya.

Amma lokaci ne ba mu da shi da yaran nan, shi ya sa shekarun da aka ɓata suke min ciwo. Yaro na kai shekara goma sha ɗaya, sha biyu, ya fara jin daɗin kuɗi, wani na dako a kasuwar gwari ta Farin Gada, wani na bin 'yan gwangwan, wani an kai shi gareji. Shi ma monitan nan kawunsa ya zo zai cire shi ya kai shi shagon sifeya a Dilimi, wai ai ya iya karatu yanzu ya isa. Na ce Kawu ka yi haƙuri, rasit da lissafin kaya ma sai da boko, a bar shi ya gama aji shida ya riƙa zuwa shago bayan la'asar da ranar Asabar. Da ƙyar ya yarda. Biyu daga cikin sauran kam ban samu haka ba, an cire su suna tsakiyar haɗa baƙi, ɗayan ina ganinsa a tasha yana kiran fasinja, ya gaishe ni da ladabi amma na san allon motar da yake kira ba ya iya karanta shi.

Yanzu satin farko na kowace shekara ba na buɗe manhaja, gwajin ɗaiɗai nake yi a bayan aji, kowa da takardarsa. Na roƙi hedimasta a fara yin haka tun daga aji biyu a kuma ware mana lokaci a jadawali, ya ce za a duba, har yanzu dai a birek nake yi da su.