Fawa saflai mai arha ya ƙone mini katin girafik

Wata bakwai ina tara kuɗin wannan kwamfuta, kuma ba wani abu nake nema ba illa in riƙa buga wasannin EA FC da GTA V a ɗakina a Kubwa ba tare da hoto yana tsinkewa ba. Na yi bincike iya ƙoƙarina. Furosesa na ɗauki Ryzen 5 5600, madabod B450 da na sa aka sabunta masa BIOS tun a shago, RAM DDR4 guda biyu masu giga 8 kowanne, da SSD. Waɗannan duk lafiya lau, har yau ba su taɓa ba ni matsala ba.

Katin girafik, wato na'urar da ke sarrafa hoton wasa, shi ne ya cinye kusan rabin kuɗin. Na zagaya Wuse 2 sau uku kafin na samu RX 6600 na hannu mai tsabta, muka gwada shi a gabana fiye da rabin awa. Da na zo kan fawa saflai, wato na'urar da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, aljihu ya riga ya yi sanyi. Wani mai shago ya miƙo mini guda, an rubuta 600W ɓaro-ɓaro a jikinsa, farashinsa bai kai rabin na kamfanonin da na sani ba. Na ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan. Ba shi da wayar fin 8 da katin yake buƙata, sai aka haɗa mini da wata 'yar adafta. Zuciyata ta ɗan yi ɗar, amma na biya.

A sati na uku, wani dare aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take. Na ji "ɗas", sai warin ƙonewar roba ya cika ɗakin.

Washegari na kai kwamfutar wajen wani dattijon mai gyara. Ya ciro fawa saflai ɗin, ya juya shi, ya nuna mini ƙananan rubutun da ban taɓa karantawa ba. "Ɗana, duba nan. Layin 12V amfiya 18 kawai yake bayarwa. Ninka 12 sau 18." Wat 216 ke nan. Katin shi kaɗai yana jan wat 132, furosesa kuma wajen 65, ga fankoki, kuma dukansu daga wannan layin suke sha. Ashe tun ranar farko a maƙure abin yake aiki. Na ce, "Baba, katin fa?" Ya girgiza kai kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bambancin kuɗin da na guje wa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin katin ba. Na kashe wasu kuɗi a kan fankoki masu fitilu kala-kala, waɗanda ba sa ƙara wa gem komai. Da na bar su, da na sayi fawa saflai na kirki. Sannan Ryzen 5 5600 ba shi da girafik a cikinsa, ba kamar 5600G ba, don haka wata biyu kwamfutar tana ajiye, ko hoto ba ta nunawa. Ina shiga ɗaki in gan ta, raina ya ɓaci.

Yanzu duk wanda ya tambaye ni, ina ce masa ya ware kuɗin fawa saflai tun kafin ya fara cinikin kati. Ka karanta layin 12V, kada ka tsaya a babban lambar da ke gaba. Ka nemi mai alamar 80 Plus Bronze daga kamfani sananne, duk da cewa ingancin amfani da wuta kawai alamar take nunawa, don haka ka duba ko yana da kariya daga hauhawar wuta. In aka ce sai da adafta zai ɗauki katinka, ajiye shi ka fita.

Na sake sayen wani RX 6600, na haɗa shi da fawa saflai mai 550W da sitabilaiza. An ɗauke wuta sau biyu jiya ina tsakiyar wasa, kuma sau biyun ta tashi lafiya. Har yanzu sai na shinshina bayan akwatin kafin in danna maɓalli.